Jan Layin Madan Maijidda

A unguwar Limanci ta Maraɗi aka haifi Maijidda, 'yar wani mai gyaran agogo da ke da teburi a bakin babbar kasuwa. A gidansu agogo ya fi mutane yawa: na bango, na hannu, na ƙararrawa, har da waɗanda masu su suka manta da su shekara da shekaru. Sauran yaran unguwa da inuwar katanga suke gane azahar ta yi, ita kuwa tun ba ta iya ɗaura zane ba take cewa, "Biyu saura minti bakwai." Mahaifiyarta takan ce yarinyar nan ko kuka za ta yi sai ta dubi bango tukuna.

Aka sa ta lakol, makarantar boko, ta yi har kolej, sannan ta koyi buga takarda da keken rubutu. Shekara goma sha ɗaya ta yi a buro, wato ofis, na wani kamfanin atamfa, ba a taɓa jin ta makara ba, ko ranar da aka yi ruwan da ya tafi da rabin hanyar kasuwa. Sai Allah, da yake Shi ke haɗa aure, Ya haɗa ta da Idirisa, mai fataucin hatsi tsakanin Maraɗi da Jibiya, mutumin da in ya ce "ga ni nan yanzu" da hantsi, to a ajiye masa tuwon dare. Kowa ya ce auren nan ba zai kai kaka ba. Suka haifi 'ya'ya huɗu, ita tana duba agogo, shi yana dariya, kuma gidansu ya fi gidaje da yawa zaman lafiya.

Bayan babban taron ƙasa da aka yi a Yamai a 1991, bakin kowa ya buɗe. Jam'iyyu suka fito, jaridu suka fito, ƙungiyoyi masu zaman kansu suka yi ta tsirowa, kowace kwana ka juya sai ka ga sabon allo. Kamfanin atamfa kuwa ya rufe buronsa. Maijidda ta ɗauki kekenta ta koma wata ƙaramar ƙungiya mai suna Inuwar Gulbi, wadda ke taimaka wa mata da aikin lambu a Jiratawa da ƙauyukan Tsibiri: rijiya, iri, wayar shinge. Ma'aikata tara ne duka-duka, a wani gidan haya mai ɗaki uku. Aka ce ita ce sakatariya, ita ce kuma mai kula da ma'aikata, wato ɗaukar aiki, hutu, izini da gargaɗi duk a teburinta suke.

Daraktan ƙungiyar, Mushe Zakariya'u, kamar yadda ake kiransa da Faransanci, tsohon shugaban makaranta ne, mutumin kirki, sai dai tsoro biyu ne suka hana shi sakewa. Yana tsoron Turawan da ke ba da taimako su ce ma'aikatansa malalata ne, yana kuma tsoron mutanen gari su ce yana nuna son kai, don a zamanin nan ko gaisuwa ka tsawaita da wani sai a ce jam'iyyarku ɗaya. Saboda haka ya kafa doka. Kowa zai sa hannu a kaye, littafin rajista, da bakwai da rabi na safe kafin ya fita ƙauye. Izinin suna ko biki ko gaisuwar mutuwa kuwa, sai in na uwa ne, ko uba, ko mata, ko ɗan cikinka.

Wannan doka ta yi wa Maijidda daɗi har cikin rai. Ta sayi kaye mai baƙin bango, da rula, da jan bik. Bakwai da rabi na bugawa sai ta ɗora rula ta ja jan layi a ƙarƙashin sunan ƙarshe, duk wanda ya zo bayan nan a ƙasan layi zai sa hannu, ko da shi ne direban da ya tsaya sayo wa Darakta burodi. Ba mugunta ba ce. Ita a wurinta adalci ke nan, layi bai san ɗan uwa ba, bai san jam'iyya ba. Ma'aikata suka laƙaba mata Madan Jan Layi, ta ji, ta ƙi nuna ta ji, amma a gida ta faɗa wa Idirisa tana murmushi.

Mutum biyu ne ke fita Jiratawa da Tsibiri. Ɗaya Abdulmutallib, mai takardar bak ta gama sakandare, riga a goge, rahoto tsaf babu ko gogewa; sunansa ne na farko a kaye kullum. Ɗayan kuwa Tanimu, mutumin Tsibiri, tsohon ma'aunin auduga, ƙato mai dariyar da ake ji daga bakin titi. Yana da tsohuwar mobilet, 'yar babur mai tari, da jakar fata da ba ta rabuwa da goro a ciki. In aka ce Tanimu ya sa hannu a saman layi, to ranar a duba ko gari lafiya.

"Malam Tanimu, ƙarhe tara da kwata," in ji Maijidda, ba ta ko ɗaga kai ba.

"Madan, ina kwana? Ƙaƙa ɗiya? Ƙaƙa Malam Idirisa?"

"Lahiya lau. Mi ya tsai da kai?"

"Wallai suna anka yi Jiratawa, da asuba anka raɗa."

"Ɗanka ne?"

"A'a, ɗan mutane ne."

Sai ya sa hannu a ƙasan layi, ya ajiye mata goro ɗaya a kan kaye, ya fita yana gaisawa da maigadi kamar sun shekara ba su haɗu ba. Wata rana ma ba ya zuwa sam: an yi rashi a wani ƙauye, ko ana ɗaurin aure, ko mutanen Dodo, wani tsoho mai bin al'adar gargajiya a bayan Tsibiri, suna shagalin kaka sun aiko masa. Maijidda ta rubuta masa gargaɗi na ɗaya, na biyu, na uku. Kowanne ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya ninke ya sa a jakar goro.

A ƙarshen damina ta 1994 aka aiko daga Yamai cewa masu ba da taimako za su zo duba yadda ake tafiyar da ma'aikata. Mushe Zakariya'u ya ce a kawo masa kaye. Ya buɗe shafi, ya buɗe wani, yana bin sunan Tanimu da yatsa, har gumi ya tsatso masa a goshi.

"Bon," ya ce. "Madan, a dakatar da shi sati biyu. Ki buga takardar sallama ki aje. Ranar Litinin ta ƙarshen wata, ƙarhe goma, shi zo in sa hannu in ba shi."

Ta buga. Ba ta yi kuskuren harafi ko ɗaya ba. Da ta gaya wa Tanimu zancen dakatarwa, ta shirya jin gardama ko roƙo, amma bai yi ko ɗaya ba. Dariyar nan ce kawai ta ɗauke. Ya tsaya yana ƙoƙarin ɗaure bakin jakarsa, igiya tana kuɓuce masa, ya ce, "To, Madan, Allah shi sa haka ya hi alheri." Mutum ne mai 'ya'ya bakwai da tsohuwar uwa a gida, kuma Maijidda ta sani, don ita ta cika masa takardun ɗaukar aiki. Ranar ta koma gida ba ta ci abincin rana ba, ta ce wa Idirisa kanta ke ciwo.

Ana haka sai ga wayar shinge da irin zogale da na albasa sun iso don sabon lambun matan Jiratawa. Sharaɗi ɗaya ne: sai matan sun zauna sun yarda a kan rabon fegi da ranar ban ruwan kowa, in ba haka ba a kai kayan wani gari. Abdulmutallib ya kira taro sau biyu. Na farko mata shida suka zo, na biyu wasu shida dabam, kuma kowane ɓangare ya ce ba ya yanke magana sai ɗayan na nan. Darakta ya ce tunda mata ne, Madan ta je da kanta, wataƙila su ji kunyarta.

Ranar Alhamis ta hau kabu-kabu, kaye a jaka, don ba ta yarda ta bar shi a buro wani ya ja layi a karkace. Tara saura minti biyar tana ƙarƙashin itacen bedi, wato darbejiya, inda aka ce nan ake taro. Ta shimfiɗa ɗankwali a kan wani kututture ta zauna. Tara ta yi. Tara da rabi ta yi. Goma ta wuce. Ba wanda ya zo sai wata akuya da ta tsaya ta dube ta, ta ga ba ta da dusa, ta yi gaba. Daga can cikin gari kuwa ana jin luguden daka da guɗa. Ran Maijidda ya ɓaci ƙwarai, ta fara shirya rahoton da za ta rubuta a ka, kalma bayan kalma, kowace da yaji.

Sai ga wata dattijuwa gajera, hannu duk gari, tana tafe tana faɗa tun daga nesa.

"Ke ce Madan ta buro? Yo ɗiyata, mi kike yi nan ke ɗai kamar wadda anka kora? Tashi mu tahi. Ni ce Lami, ni ce uwar matan lambu."

"Inna, taro munka kira ƙarhe tara."

"To ai ga taron can! Suna muke yi gidan Gado. Tanimu ya zo da asuba ya yi barka, shi ne ya ce mini wata za ta zo daga buro, za ta zamna ƙarƙashin bedi, in na ga rana ta yi in je in ɗauko ta kada ta sha wuya. Ya ce a riƙe ki da kyau, ke mutuniyar kirki ce, ba ki dai san hanya ba."

Maijidda ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Mutumin da takardar korarsa ke kwance a aljihun teburinta, shi ya tuna rana za ta dake ta. Ta tambaya a hankali ko ya ce wani abu game da aiki. Lami ta ce a'a, ya ce dai kwanan nan ba shi ke riƙe da maganar lambu ba, ya wuce Tsibiri wata gaisuwa. Ba su san an dakatar da shi ba, ita kuma ba ta iya faɗa ba.

Gidan Gado ya cika maƙil. Turmi huɗu ana daka, tukwane a kan murhu, mai jego tana ɗaki da jaririya, 'yan barka suna shiga suna fita. Lami ta ja Maijidda ta kai ta ta yi barka, aka ɗora mata jaririyar a cinya ba tare da an tambaye ta ba, aka miƙo mata ƙwaryar fura mai sanyi. Ta zo hannu rabbana, ko sabulu ba ta riƙo ba, kunya ta sake kama ta. Wata tsohuwa ta ce ba kome, mutanen buro ai sai a hankali.

Suna zaune Lami ta matso ta nuna mata da haɓa. "Kin ga waccan mai shuɗin zane? Kin ga waccan mai daka? Tun zaɓen bara ba su magana. Mijin wannan da tutarshi, mijin waccan da tashi. In kunka kira taro ƙarƙashin icce, wannan ta ce 'yan wancan ɓangare sunka kira, waccan ta ce 'yan wannan ne. Amma suna, ɗiyata, wa ke ƙin zuwa suna? Wa ke ƙin zuwa gaisuwa? Nan kaɗai tabarma ɗaya ke ɗaukarmu."

"To Tanimu nan yake muku taron?"

"Shi? Bai taɓa buɗe baki ya ce lambu a gidan mutane ba. Shina zuwa, shi yi barka, shi raba goro, in rashi ne shi kama haƙan kabari. Mu ne in mun gan shi sai zance shi tashi da kanshi. Shi dai shina zamne shina dariya, har mu gama."

Haka kuwa aka yi a gaban idonta. Ana tsakiyar kwasar tuwo wata ta ce, "Af, ga Madan ta buro, ashe waya ta iso?" Nan take zance ya ɓarke. Mai shuɗin zane ta ce fegin bakin rijiya na tsofaffi ne, mai daka ta ajiye taɓarya ta ce wannan gaskiya ne, ko maƙiyi ya faɗa gaskiya ne. Aka yi dariya. Aka yi musu, aka yi rantsuwa, aka tuna wa wata cewa akuyarta ce ta cinye yakuwar bara. Kafin a wanke kwanoni an raba fegi talatin da biyu, an raba ranakun ruwa, Maijidda tana rubutawa a bayan kaye da jaririya a hannun hagu.

Da ta juyo kayen, sai idonta ya faɗa kan jajayen layuka. Wani tunani ya zo mata. Ta ɗaga murya, abin da ba ta saba ba, ta ce, "Iyayena, in tambaye ku mana. Wata Talata, kwana tara bayan ƙaramar salla, Tanimu ya zo garin nan?"

"Ranar sadakar ukun ƙanen mijina!" in ji Lami. "Ranar ce munka yarda inda za a gina rijiya."

"Laraba, farkon watan azumi?"

"Sunan tagwaye!" mata uku suka amsa tare. "Ranar munka zaɓi mai riƙe makulli."

Sai abin ya koma wasa. Tana karanta rana, suna rige-rigen faɗin abin da aka yi, wadda ta riga a yi mata guɗa, wadda ta yi kuskure a ce tsufa ya kama ta. Wannan ranar auren 'yar liman ce, a nan aka sasanta rikicin taki. Waccan ranar da ɗan wance ya faɗo daga kuka ne, Tanimu ya ɗauke shi a mobilet zuwa likita, bayan nan uwarsa ta shiga ƙungiya da 'yan uwanta biyar. Maijidda ta ari shuɗin bik wurin wata malamar lakol da ke cikin 'yan suna, tana rubuta kowane bayani a gefen jan layinsa. Tana dariya tare da su, amma zuciyarta tana suya, don duk layin da ta ja da alfahari yau yana ba da shaida a kanta.

Ranar Asabar, ranar hutunta, ta ce wa Idirisa ya kai ta Tsibiri a babur ɗinsa. Ya ce yanzu-yanzu. Ta tsaya a kansa har yanzun nan ta zama yanzu. Suka bi ƙauyuka uku tana tambayar ranakun jan layi, har gidan tsoho Dodo, wanda ya ce a duk mutanen furoje, masu aikin taimako, da suka taɓa zuwa, Tanimu kaɗai ne ya zauna ya sha furarsu bai goge bakin ƙwarya ba. Abin da addinin Tanimu ya hana shi, sai ya bar musu kayansu, ba wa'azi, ba yatsina. Shi ya sa da ya ce a bar itatuwan da ke tsirowa a gonaki kada a sare, aka bari. Ta dawo da yamma, ƙafa duk ƙura, shuɗin rubutu ya kusa rufe ja.

Litinin ta ƙarshen wata, da tara na safe, ma'aikata suka taru a ɗakin Darakta. Maijidda ta miƙe tsaye, kaye a ƙirji.

"Mushe, shekara biyu ina riƙe da wannan littahi, kuma ban taɓa rubuta ƙarya a ciki ba. Amma abin da nike aunawa ba shi ne aikinmu ba. Ina auna wanda ya zo buro. Mu kuwa ba a buro lambu yake ba."

Ta buɗe ta karanta masa layi bayan layi, ja da shuɗi. Mushe Zakariya'u ya saurara har ƙarshe, ya cire tabarau ya goge.

"Madan, na ji. Amma doka doka ce. In na buɗe wannan ƙohwa, gobe kowa zai tahi cin shinkahwa gidan suna ya ce aiki yake. Mi zan hwaɗa wa Turawa? In rubuta musu cewa ma'aikacina ya raba goro?"

Ba wanda ya yi tsammani, sai Abdulmutallib ya ɗaga hannu kamar ɗan aji. "Mushe, ni ban taɓa makara ba. Bana na kira taro goma sha huɗu. In za a yi gaskiya, awaki sun hi mata jin jawabina. Ni dai in za a bar shi, a haɗa ni da shi in koyi zama."

Aka yi dariya, har Darakta ya kusa yi, ya danne. Ya ce shi bai yi alkawarin kome ba, Tanimu ya zo ƙarfe goma ya yi bayani da bakinsa. Ya fito da takardar sallama ya ajiye a kan tebur, ya ɗora bik a kai.

Goma ta yi, babu Tanimu. Goma da kwata, babu shi. Maijidda, wadda a rayuwarta ba ta taɓa fatan agogo ya tsaya ba, ta zauna tana addu'a a zuci, tana jin haushinsa kamar ta yi kuka. Yau ma? Yau da ta tsaya ta zubar da girmanta saboda shi? Goma da rabi sai wani ɗan kabu-kabu ya leƙo ya ce Malam Tanimu ya ce a yi haƙuri, jikanyar Dodo ta haihu, yau ne taron, kuma mahaucin da aka kira bai zo ba. Da ya gama fiɗa zai taho.

Mushe Zakariya'u ya dubi takarda, ya dubi Maijidda. Ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba, ya soke bik, ya ce wa direba, "Hito da mota. Madan, taho." Har suka wuce Tsibiri suka shiga rairayi ba ta iya karanta fuskarsa ba.

Sun tarar da ƙofar gidan Dodo cike da mutane, masu hula da marasa hula, 'yan wannan tuta da 'yan waccan, duk a tabarmi ɗaya. Tanimu yana gefe a durƙushe, hannun riga a naɗe, yana rarraba nama, ana ta ba'a yana ramawa. Da ya ɗago ya ga motar ƙungiya sai wuƙa ta tsaya. Ya goge hannu a ganye, ya taso da sauri ya tare su tun kafin su iso cikin mutane. Idonsa yana kan farar takardar da ta leƙo daga aljihun Darakta.

"Mushe," ya ce ƙasa-ƙasa, "na san na yi laihi. Abu ɗaya nike roƙo. Don Allah kada ka ba ni ita gaban mutanen nan. Ba su sani ba. Ko tsohuwata ba ta sani ba, kullum da sahe hita nike kamar zan tahi aiki."

Maijidda ta juya kai gefe, hawaye sun cika mata ido. Mushe Zakariya'u ya daɗe yana kallon taron: tsoho Dodo da ya taso yana dogara sanda don ya tarbe shi, da mutanen da suka fara matsawa suna buɗe masa wuri a tabarma. Shekara uku yana aika takardu ƙauyen nan, bai taɓa ganin fuskar mutum ɗaya a cikinsu ba. Ya sa yatsa ya tura takardar can ƙasan aljihu.

"Wa ya ce maka takarda na kawo? Barka na zo yi. Sai dai na zo hannu wohi. Kana da goro a jakar nan?"

Tanimu ya kwance jaka, ya cika wa Darakta tafi biyu da goro, wasu suna zuba ƙasa.

Abin da ya biyo baya sananne ne ga duk wanda ya yi aiki a Inuwar Gulbi. Maijidda ta buga sabuwar takardar izini mai hatimi, wadda ma'aikaci zai cika in ya dawo: gidan wa ya je, me ya ji, me aka yanke. Masu son cin shinkafa kawai ba su daɗe ba takardar ta tona su, don ba su da abin rubutawa. Turawa suka zo suka karanta kayen nan mai ja da shuɗi, suka nemi a kai su suna. Da sojoji suka karɓi mulki a farkon 1996 aka tsai da taimako wata da watanni, lambunan Jiratawa da Tsibiri ba su bushe ba, matan da kansu suka ci gaba da rabon ruwa. Tanimu ya koma aiki ya yi shekara goma sha ɗaya bayan nan, Abdulmutallib ya zama darakta, ita kuma sai da ta yi jikoki ta bar teburinta.

Amma a ranar ba wanda ya san wannan. Abin da Maijidda ta gani shi ne Mushe Zakariya'u ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a gaban Dodo da goro a hannu, Tanimu a bayansa yana share ido da gefen riga yana cewa hayaƙin gashi ne. Wata mata ta kama hannunta ta ja ta cikin gida wurin mai jego. Tana shiga tsakar gida, mata suna daka suna waƙa, farin ciki ya taso mata daga ciki har ta rasa inda za ta sa shi. Sai ta ajiye jaka a ƙasa, ta toshe hanci da yatsa biyu, ta rangaɗa guɗa. Ba ta iya ba, muryar ta karye a tsakiya, mata suka kwashe da dariya suka karɓe mata. A waje Tanimu ya ji, ya gane muryar, ya ce wa Darakta, "Mushe, wallai Madan ce."